Babi na Shida: Maƙwabtan Nesa a Cikin Furotin

Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Iri 20 ne jikin mai rai ke amfani da su, ana jera su ɗaya bayan ɗaya bisa umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin gado. Insulin yana da guda 51. Lisozayim na farin ƙwan kaza yana da 129. Himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, sarƙoƙi huɗu ne: biyu masu suna alfa, kowace da 141, da biyu masu suna beta, kowace da 146, jimilla 574.

Sarƙa a miƙe ba ta aikin komai. Sai ta naɗe ta dunƙule, ta ɗauki siffa guda takamaimai, sannan ta zama abin da ke narkar da abinci ko ɗaukar iska ko kashe ƙwayar cuta. Carbi mai ƙwaya 99 idan aka dunƙule shi a tafin hannu, ƙwaya ta 5 na iya jingina da ta 80, alhali a kan zaren akwai ƙwaya 74 a tsakaninsu. Haka abin yake a furotin, sai dai a nan haɗuwar ba bisa sa'a take ba. Duk lokacin da sarƙar ta naɗe, amino asid iri ɗaya ne ke haɗuwa da abokansu iri ɗaya. Waɗannan da suka yi nisa a jeri amma suka zama maƙwabta bayan naɗi, su ne ke riƙe da siffar furotin, kuma auna kusancinsu na daga cikin manyan ayyukan masu nazarin sinadaran jiki.

Tazara iri biyu

Tsakanin kowane amino asid biyu akwai tazara iri biyu. Ta farko ita ce ta jeri, wadda ake samu ta hanyar cire lambar wannan daga lambar wancan: tsakanin na 6 da na 127 akwai 121. Ta biyu ita ce ta sarari, wato ainihin nisan da ke tsakaninsu bayan an gama naɗi. Ana auna ta da angistirom, wanda yake kashi 1 ne cikin biliyan 10 na mita. Amino asid biyu da ke bin juna a sarƙa, tsakanin atam ɗin kabon na tsakiyarsu angistirom 3.8 ne kusan kullum. Da za a miƙe sarƙar beta ta himogulobin, da tsawonta ya kai wajen angistirom 500, amma dukan sarƙoƙin huɗu idan suka naɗe suka haɗu, faɗinsu bai wuce 55 zuwa 65 ba.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ɗauki amino asid biyu a matsayin maƙwabta idan tazarar sarari tsakanin kabon na farko a reshen kowanensu ba ta kai angistirom 8 ba. Daga nan sai a duba tazarar jeri. A gasar hasashen siffar furotin mai suna CASP, wadda ake yi duk shekara biyu tun 1994, tazarar 6 zuwa 11 gajera ce, 12 zuwa 23 matsakaiciya, 24 zuwa sama kuwa ita ce doguwa. Wasu masu bincike suna sa iyakar a 12. Bambancin ƙa'ida ba ya sauya asalin magana, amma yana sauya alƙaluma, shi ya sa ba a kwatanta sakamakon bincike biyu sai an tabbatar ma'auni ɗaya suka yi amfani da shi.

Maƙwabtakar kusa tana da nata aiki. A 1951 Linus Pauling da Robert Corey sun bayyana siffofi biyu da sarƙa ke yawan ɗauka. Ɗaya murɗiya ce, inda sarƙar ke zagaya kanta, kowane zagaye da amino asid 3.6, kowane ɗaya yana riƙe da na huɗu a gabansa. Ɗayar kuwa shimfiɗa ce, inda sassan sarƙa ke kwanciya gefe da gefe. Murɗiya ta dogara ne ga maƙwabtan kusa, shimfiɗa kuwa sau da yawa tana haɗa sassan da suka yi nisa ƙwarai. Amma ko furotin da kusan dukansa murɗiya ne, kamar himogulobin, ba ya tsayuwa sai murɗiyoyin sun jingina da juna, wannan jinginar kuma ta nesa ce.

Wurin da enzayim ke yin aikinsa ma yawanci daga nesa ake haɗo shi. Kimotiripsin, wanda ke yanka furotin na abinci a cikin hanji, da amino asid uku yake yanka: histidin na 57, aspatet na 102, da serin na 195. A jeri babu abin da ya haɗa su. A sarari kuwa suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, angistirom kaɗan ne tsakaninsu. Idan naɗin ya saki, ukun suka rabu, enzayim ɗin ya tashi aiki ko da ba a cire masa atam ko ɗaya ba.

Taswirar kusanci

Hanya mafi sauƙi ta ganin dukan maƙwabtakar a lokaci guda ita ce a zana jadawali mai murabba'i. A jera lambobin amino asid daga hagu zuwa dama, a sake jera su daga sama zuwa ƙasa, sannan a sa ɗigo a duk gidan da biyu suka zama maƙwabta. Sarƙa mai 146 tana da ma'aurata 10,585 da za a iya dubawa, kaɗan ne daga cikinsu ke samun ɗigo.

Wanda ya saba da taswirar yana karanta siffar furotin daga gare ta. Layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne inda kowane amino asid ya haɗu da kansa. Murɗiya tana fitowa kamar kauri a jikin wannan layi. Sassan shimfiɗa da suka kwanta suna fuskantar gefe ɗaya suna ba da layi mai tafiya daidai da shi, waɗanda suka kwanta kai da ƙafa kuwa suna ba da layi mai gittawa. Ɗigogin da suka yi nisa da layin tsakiya su ne maƙwabtan nesa. Su ne mafiya ƙaranci, su ne kuma mafiya daraja wajen gano siffa, domin ɗigo ɗaya da ya ce na 10 yana kusa da na 130 yana kawar da ɗimbin siffofin da sarƙar za ta iya ɗauka.

Yadda ake aunawa

Tsohuwar hanya ita ce a sa furotin ya daskare ya zama ƙanƙara mai tsari, a haska masa hasken eksire, a lissafa wurin kowane atam daga yadda hasken ya watsu. Da ita John Kendrew ya fitar da siffar mayogulobin a 1958, Max Perutz kuma ya fitar da ta himogulobin a 1960, dukansu a Kambirij ta Ingila. Sun raba kyautar Nobel a 1962. Idan an san wurin kowane atam, auna tazara lissafi ne kawai. Ma'ajiyar siffofin furotin ta duniya, PDB, ta fara da siffofi 7 a 1971, ta kuma haura 200,000 a 2023.

Hanya ta biyu tana auna kusancin ne kai tsaye, furotin yana narke cikin ruwa. Ana sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a saurari amsar da atam ɗin haidurojin ke bayarwa. Haidurojin biyu da tazararsu ba ta wuce angistirom 5 zuwa 6 ba suna tasiri a kan juna, kuma na'ura tana ganin wannan tasiri. Kurt Wüthrich na Zurik da abokan aikinsa sun tara ɗaruruwan irin waɗannan tazarori, suka gina cikakkiyar siffar furotin da su a 1985. Ya sami Nobel a 2002.

Ta uku tana amfani da rini. Ana liƙa rini mai ƙyalli iri biyu a wurare biyu na sarƙa. Idan an haska na farko, yana miƙa wa na biyu ƙarfinsa, gwargwadon kusancinsu. Miƙawar tana raguwa da sauri ƙwarai idan tazara ta ƙaru, shi ya sa take zama ma'auni mai kyau tsakanin angistirom 10 zuwa 100. Lubert Stryer da Richard Haugland ne suka tabbatar da haka a 1967. Amfaninta shi ne ana iya kallon furotin ɗaya tak yana buɗewa yana rufewa.

Akwai kuma hanyar ɗauri. Ana zuba wani sinadari mai hannu biyu, tsawonsa wajen angistirom 11, wanda ke kama laisin biyu idan suna kusa. Daga baya sai a yayyanka furotin, a auna nauyin gutsattsarin, a gano wane laisin aka ɗaure da wane. Ga manyan furotin masu sassa da yawa kuwa, ana daskarar da su farat ɗaya cikin tsananin sanyi a ɗauki hotunansu da madubin lantarki, hanyar da ta samo wa Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson kyautar Nobel a 2017.

Hanya ta ƙarshe ba ta bukatar taɓa furotin. Furotin iri ɗaya yana nan a jikin dubban halittu, jerinsa yana ɗan bambanta daga wannan zuwa waccan. Idan amino asid biyu suna jingine da juna, sauyin ɗaya yakan tilasta sauyin ɗayan: babba ya maye gurbin ƙarami a nan, sai ƙarami ya maye gurbin babba a can. Saboda haka idan aka jera dubban jeri aka ga gurbi biyu suna sauyawa tare, alama ce ta maƙwabtaka. An gabatar da tunanin a 1994, amma sai wajen 2011 aka sami lissafin da ke raba maƙwabcin gaskiya da wanda aka haɗa su ta hannun na uku. A kan wannan tushe kamfanin DeepMind ya gina manhajar AlphaFold, wadda ta zo ta ɗaya a gasar CASP ta 2018 ta hanyar hasashen tazara tsakanin amino asid, ta kuma kusa kamo daidaiton gwajin ɗakin bincike a 2020. A 2022 an saki hasashen siffofi sama da miliyan 200 kyauta a intanet. Ɗalibin kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana iya sauko da siffar himogulobin a kwamfutarsa ya zana taswirar kusancinta ba tare da na'ura mai tsada ba. Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind sun raba Nobel ta 2024 da David Baker.

Abin da ke riƙe da naɗi

Christian Anfinsen ya yi gwajinsa da ribonukiliyes, enzayim mai amino asid 124. Takwas daga cikinsu sistayin ne, masu ɗauke da sinadarin farar wuta, suna ɗaure bibbiyu: 26 da 84, 40 da 95, 58 da 110, 65 da 72. Ya kwance ɗaurin, ya warware sarƙar da sinadarin yuriya, enzayim ya daina aiki. Da ya janye sinadaran, sai sarƙar ta sake naɗewa da kanta, kowane sistayin ya koma ga abokinsa na asali, alhali akwai hanyoyi 105 da takwas ɗin za su iya haɗuwa. Wannan ya nuna cewa umarnin naɗi yana cikin jerin kansa. An ba shi Nobel a 1972.

Babban ƙarfin da ke tura naɗi shi ne gudun ruwa, kamar yadda Walter Kauzmann ya bayyana a 1959. Wasu amino asid, irin su balin da lusin da fenilalanin, rassansu masu maiƙo ne, ba sa shiri da ruwa. Suna warwatse a jeri, amma da zarar sarƙa ta shiga ruwa sai su taru a tsakiya su cunkushe, masu son ruwa kamar gulutamet da laisin su tsaya a waje. Wannan cibiya mai maiƙo galibinta maƙwabtan nesa ne. Sauran ƙarfin suna taimakawa: jan da ke tsakanin masu cajin lantarki mabambanta, riƙon haidurojin, da ɗaurin sistayin, kamar wanda ya haɗa na 6 da na 127 a lisozayim, ya ɗaure farkon sarƙa da ƙarshenta.

Duk da yawan waɗannan riƙo, ribar naɗi ƙarama ce. Sarƙa a warware tana da 'yancin lanƙwasa yadda ta so, naɗi kuwa yana ƙwace wannan 'yanci, kuma haɗa wurare biyu masu nisa ya fi kowane tsada. Idan aka cire hasara daga riba, abin da ke saura ga yawancin furotin kilokalori 5 zuwa 15 ne a kowane mol, daidai da ƙarfin riƙo marasa ƙarfi 'yan kaɗan. Gwaje-gwajen sauya amino asid ɗaya, irin waɗanda Brian Matthews da Alan Fersht suka shahara da su, sun nuna cewa rage kabon ɗaya daga reshen da ke binne a cibiya yana cin wajen kilokalori 1. Sauya babban reshe guda da ƙarami na iya cinye sulusi ko rabin ƙarfin furotin gaba ɗaya.

Shi ya sa zafi ke lalata furotin. Farin ƙwai yana sandarewa a wuta ne domin sarƙoƙinsa sun warware, sassansu masu maiƙo sun fito fili sun manne da na wasu sarƙoƙin. Insulin ma haka yake. Ana ajiye wanda ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 zuwa 8, domin zafi mai tsawo yana sa ƙwayoyinsa su saki siffarsu su harhaɗe, ƙarfin maganin ya ragu. A Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, mai ciwon sukari da ba shi da tabbacin wutar firji yakan nemi sanyin randa ko tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi don kare allurarsa.

Saurin naɗi

Cyrus Levinthal ya jawo hankali a 1969 ga wata matsala. Sarƙa mai amino asid 100, ko da kowane yana da matsayi 3 kacal, siffofin da za ta iya ɗauka sun kai lamba 5 mai sifiri 47 a bayanta. Gwada su ɗaya bayan ɗaya zai ɗauki lokacin da ya ninka shekarun duniya sau biliyoyi. Amma furotin yana naɗewa cikin daƙiƙa ko ƙasa da haka. Ke nan ba lalube yake yi ba: maƙwabtan kusa ne ke fara haɗuwa, su rage zaɓi, sannan na nesa su samu juna.

A 1998 Kevin Plaxco da Kim Simons da David Baker sun mai da wannan tunani lissafi. A tara tazarar jeri ta dukan maƙwabta, a raba da yawansu, a sake rabawa da tsawon sarƙa. Idan matsakaiciyar tazara 10 ce a sarƙa mai 100, sakamakon kashi 10 ne cikin 100. Da suka gwada a kan ƙananan furotin 12, sai suka ga masu ƙaramin sakamako, wato masu yawan murɗiya, suna naɗewa da sauri, masu babban sakamako kuwa suna jinkiri ninki dubbai. Michael Gromiha da Samuel Selvaraj sun kawo ma'auni makamancinsa a 2001, wanda ke ƙirga maƙwabtan nesa kawai. Darasin shi ne maƙwabtan nesa suna ba furotin ƙarfi, amma suna sa shi daɗewa kafin ya kammalu, kuma a wannan tsakani ne yake cikin haɗarin mannewa da wani.

Sikila: maƙwabtakar da ba ta dace ba

Cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, ita ce misalin da ya fi kusa da mutanen ƙasar Hausa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: ana ƙiyasta haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. A Minanata da Mabera da sauran unguwannin Sakkwato da wuya a rasa gidan da ya san ciwon ƙashi na dare, da zaryar ƙarin jini zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin. Vernon Ingram ya gano ainihinta a 1957: amino asid ɗaya ne ya sauya, na 6 a sarƙar beta, inda balin ya maye gurbin gulutamet. Gulutamet mai son ruwa ne kuma yana da caji, balin kuwa mai maiƙo ne marar caji. Wannan rashin caji shi ake gani a gwajin jinotayif: idan aka sa jini a takarda aka bi da lantarki, himogulobin S, wato na sikila, yana tafiya a hankali fiye da A na mai lafiya.

Gurbi na 6 a waje yake, don haka naɗin bai rushe ba, himogulobin S yana ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Ɓarnar tana zuwa ne bayan ya sauke iskar. A lokacin siffarsa tana ɗan juyawa, wani ƙaramin rami mai maiƙo da fenilalanin na 85 da lusin na 88 suka kewaye yana dacewa da balin na 6 na wani himogulobin da ke kusa. Wannan ya shiga ramin wancan, wancan ya shiga na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu igiya 14 a murɗe. Da yake ƙwayar jini cike take maƙil da himogulobin, wajen giram 34 a kowace desilita, zaruruwan suna miƙar da ita ta zama kamar lauje, ta sandare, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara cunkoson, shi ya sa likitoci ke matsa wa 'yan sikila da shan ruwa, musamman a bazara.

Sanin wannan maƙwabtaka ya bayyana abubuwa da dama. Himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, shi ma a gurbi na 6 ya sauya, amma laisin ne a wurin, mai son ruwa, don haka ba ya yin zare, cutarsa kuma ta fi sauƙi. Himogulobin na jarirai, wato F, yana da sarƙar gama a madadin beta, kuma a gurbi na 87 yana da gulutamin, wanda ke hana zaren ci gaba. Wannan ne dalilin da jariri mai sikila ba ya nuna alama sai ya kai wajen wata shida, lokacin da F ke ja da baya. Shi ne kuma dalilin da maganin haidiroksiyuriya, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, ke rage tashin ciwo, domin yana sa jiki ya ƙara yin F.

Akwai kuma sauye-sauyen da ke rushe naɗin kansa. A himogulobin Hammersmith, serin ya maye gurbin fenilalanin na 42 a sarƙar beta, wanda ke tokare da sinadarin him mai riƙe da ƙarfe. Ramin him ɗin an haɗa shi ne daga wurare masu nisa, ciki har da histidin na 63 da na 92. Da tokarin ya tafi, ruwa ya shiga, him ya sulluɓe, furotin ya warware ya dunƙule a cikin ƙwayar jini, ita kuma ta fashe da wuri. Saboda haka idan masu bincike suka ci karo da sabon sauyi a jerin furotin, abin da suke fara dubawa a taswira shi ne inda gurbin yake: idan binne yake a cibiya da maƙwabtan nesa da yawa, ana sa ran rauni a naɗi, idan a waje yake, sai a duba ko ya buɗe ƙofar mannewa da wani furotin.